Wa Ya Rina Tufa? Nazari a Kan Baba da Mas'alar Sababi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi da hantsi, ya lura da abin da ke faruwa sa'ad da marini ya tsamo farin ƙyalle daga cikin ruwan baba, ya matse shi, ya warware shi ga iska, to lalle ya ga wani abu wanda, da ba domin sabo yana dushe basira ba, da ya isa ya tsayar da mai hankali yini guda yana tafakkuri. Ƙyallen ba ya fitowa shuɗi. Yana fitowa ne da wani launi tsakanin rawaya da tsanwa, sa'an nan, a kan idon mai kallo, ba tare da kowa ya ƙara masa kome ba, sai tsanwar ta soma duhu ta koma kore, koren kuma ya riƙa janyewa sannu a hankali, har kafin a gama gaisawa da tambayar iyali ƙyalle ya zama shuɗi. Ganyen da aka zuba a ramin kore ne sa'ad da yake gona, toka ba ta da abin da ya haɗa ta da shuɗi, ruwan ramin kansa, in an kawar da kumfar da ke bisa, ya fi kusa da rawaya, iska kuwa ba ta da launi ko kaɗan. Amma duk da haka ga shuɗi ya bayyana, ya kuma kama zare kamun da wanki ba ya raba su. Tambayar da nake so mu bi a nan ita ce: wa ya rina wannan tufa? Marini ne, ko baba, ko toka, ko iska? Kada mai karatu ya ɗauka tambayar ta masu neman abin faɗa ce, domin ita ce ainihin mas'alar da malaman tauhidi da masana falsafa suka yi ƙarnuka suna gwabzawa a kanta, wato mas'alar sababi da musabbabi, kuma a ganina ba ta da wani wurin da ta fito fili ƙarara kamar yadda ta fito a bakin ramin rini.

Ya kamata mu fara da bai wa marini haƙƙinsa, domin aikinsa ba na wasa ba ne. Ramin da yake aiki a kansa, wanda wani yakan fi tsayin mutum biyu zurfi, an shafe cikinsa da laso domin kada ƙasa ta shanye ruwa, lason nan kuwa da katsi ake haɗa shi, wato lakar da ke kwantawa a gindin rami bayan baba ya gama ƙarfinsa, wadda ake kwashewa a busar a ƙone. Sai a cika rami da ruwa, a zuba toka da katsi da busasshen baba, ko kuwa talaki a wuraren da shi ne ya fi samuwa, a rufe, a bar shi kwanaki yana ruɓa, sa'an nan a shiga motsa shi da doguwar sanda safe da yamma har kumfa ta taso da ƙyalli a bisa. Babu ma'aunin zafi a hannun marini, babu littafi. Da hanci da ido da hannu yake sanin ko rami ya nuna, ko yana neman ƙarin toka, ko tokar ta yi masa yawa. In ya nuna, sai a tsoma a tsamo, a sha iska, a sake tsomawa, gwargwadon yawan tsomi gwargwadon duhun launi, daga shuɗi mai haske har zuwa wanda ya kusa zama baƙi. Daga nan tufa ta tafi wurin mabuga, waɗanda ke barbaɗa mata shuni su yi ta dukanta a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli irin na rawanin ɗan Kura da turkuɗi, waɗanda Buzaye ba su haɗa su da kome ba. Ana cewa karofin Ƙofar Mata a Kano ya kafu tun 1498, kuma matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus da Tambutu, har ya kimanta abin da ake fitarwa waje kowace shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Sana'ar da ta ciyar da alƙarya irin wannan ba za a ce masu ita sun jahilci sabubba ba.

Amma kuma kowane marini da ya daɗe a bakin rami ya san wani abu dabam, shi ne cewa akan haɗa rami biyu rana ɗaya, da toka ɗaya da baba ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ɗaya ya nuna ya ba da launi mai kyau, ɗaya kuwa ya ƙi, ko ya yi rauni, ko ya lalace kafin lokacinsa. Saboda haka ba ka jin tsohon marini yana cika baki a kan ramin da bai riga ya gwada ba; yakan yi bisimilla ya zuba, in an tambaye shi yaushe za a fara tsomi ya ce in Allah ya yarda rana kaza. Waɗansu masu ilmin zamani suna jin wannan su ce ai alamar rashin sani ce, da ya san abin da ke gudana a cikin ramin da bai jingina al'amarin ga gaibu ba. To, bari mu ga abin da ke gudana ɗin.

Masana kimiyyar haɗa sinadarai sun bayyana cewa a cikin ganyen baba babu shuɗi sam. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi wanda suke kira indikan, mai ɗauke da wani nau'in sukari a cikin gininsa. Idan ganye ya jiƙa ya soma ruɓa sai sukarin ya rabu, abin da ya saura kuwa, da zarar ya gamu da iskar oksijin, sai guda biyu su haɗu su zama ƙwayar shuɗin baba. Matsalar ita ce wannan shuɗi ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga cikin zare, iyakarsa ya kwanta a bisa wanki ya tafi da shi. A nan ne amfanin rami yake. Toka tana ba ruwan kaifi irin na kanwa, a cikin wannan ruwa mai kaifi kuma akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu rayuwa inda iska ta ƙaranta, waɗanda ke cin ruɓaɓɓen ganyen, kuma a cikin cin nasu suke sāke wa shuɗin siffa ya koma wani abu mai narkewa mai launin rawaya. Shi ne ke ratsa zare ya shige cikin ƙananan kafofinsa. Da an tsamo tufa ta sha iska sai ya koma siffarsa ta fari, shuɗi marar narkewa, alhali ya riga ya shige inda ba shi da hanyar fita. Wannan shi ya sa baba ba ya bukatar wani abin kama launi kamar yadda yawancin rinin itatuwa ke bukata, shi ya sa kuma rami kan mutu in sanyi ya yi yawa, ko toka ta gaza, ko aka cika shigar masa da iska, domin abin da ke cikinsa mai rai ne. Bayani ne mai kyau, mai gamsarwa, kuma ban ga dalilin da Musulmi zai ji ƙyashin karɓarsa ba.

Sai dai mu tambayi kanmu, shin bayanin ya amsa tambayarmu ta fari? Ɗaliban da suka karanta Ummul Barahina ta Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, littafin da ya daɗe yana cikin abin da ake fara karantawa na tauhidi a zaurukan ƙasar Hausa, sun san cewa malaman wannan tafarki sun kasa halitta kashi biyu: jirmi, wato abin da ke cika wuri, da arali, wato siffar da ba ta tsayuwa da kanta sai a jikin jirmi, kamar motsi da kawaici da launi. Sun kafa hujja da cewa arali fararre ne, domin muna ganinsa yana zuwa bayan babu shi, yana kuma gushewa, jirmi kuwa ba ya rabuwa da arali, abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne, fararre kuma ba makawa yana da Mai farar da shi. Ban san wani misali na sākewar arali da ya fi na tufar da aka tsamo daga baba ba, inda launi uku ke bin juna a jirmi ɗaya cikin ɗan lokaci. Sun kuma kasa hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin hankali shi ne irin cewa ɗaya rabin biyu ne, wanda ba ya yiwuwa ya saɓa. Hukuncin al'ada kuwa shi ne ƙulla abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar ƙoshi da cin abinci, ko yanka da wuƙa, tare da cewa hankali bai hana su rabu ba, kuma ɗayansu ba shi ne mai tasiri na haƙiƙa a kan ɗayan ba. A bisa wannan, shuɗin da ke bayyana sa'ad da tufa ta sha iska Allah ne ke halittarsa a wannan lokaci, iska da toka da baba kuwa alamomi ne da Ya saba halittarsa a tare da su.

Wanda ya fi kowa fito da wannan magana da ƙarfin hujja shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa, kuma abin sha'awa, misalinsa na masu saƙa ne, wato auduga da wuta. Abin da ya kafa shi ne cewa ido yana shaida ƙonewa ta auku a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ba ya shaida cewa wutar ce ta aikata, kuma ba ya shaida cewa babu wani sababi ban da ita. Ya kuma kawo misalin mutumin da aka haifa da yana a idonsa, bai taɓa jin labarin dare da rana ba, sai aka yaye masa yanar da rana tsaka ya ga launuka. Irin wannan mutum zai tabbata cewa buɗe ido shi ne ke sa a ga launi, ba zai gane kurensa ba sai rana ta faɗi. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani mai zafi a Tahafutut Tahafuti, inda ya nuna cewa sanin abu shi ne sanin sabubbansa, kuma wanda ya kore sabubba ya kore ilmi da hankali gaba ɗaya, domin ba abin da zai saura da za a bambanta wuta da ruwa da shi. Akwai kuma manyan malamai na Sunna, irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, da suka tafi a kan cewa Allah ya sanya ƙarfi da ɗabi'a a cikin abubuwa, yana halitta da su, ba a wurinsu kaɗai ba, kuma babu sababin da ke cin gashin kansa, kowane yana bukatar mataimaki da kawar da abin da zai hana shi. Ba nufina ba ne in raba gardamar da ta gagari waɗannan duwatsu. Abin da nake so in nuna shi ne abin da karofi ke ƙara mana a kanta.

Abu na fari, tarihin baba ya gaskata Gazali a kan iyakar abin da ido ke shaidawa. Shekaru ɗaruruwa marina, a Kano da Zariya da Hindu da Misira da Japan, suna ganin toka da ganye da motsawa, suna kuma samun shuɗi, alhali babban ma'aikacin da ke cikin ramin, wato ƙananan halittun nan, ba wanda ya san da zamansa. Da an tambayi mafi gwanintarsu ya lissafa sabubban rini da ya lissafa su duka ya bar wannan. Mu kuma da muka san da su yau, me ya tabbatar mana lissafinmu ya cika? In an ce oksijin ne ke mai da rawaya shuɗi, sai a ce don me. A ce domin yana karɓe waɗansu ƙananan ɓangarori daga ƙwayar sinadarin. A ce don me yake karɓewa. A ce domin haka ƙa'idar waɗannan ɓangarori take. Daga nan kuwa sai a tsaya, domin ƙa'idar an same ta ne ta hanyar gwaji da maimaitawa, hankali bai wajabta ta ba yadda ya wajabta cewa duka ya fi sashe girma. Ilmin kimiyya, iyakar zurfinsa, siffanta al'ada yake yi, yana tsawaita silsilar, yana ƙara mata ƙawanya bayan ƙawanya, amma ba ya fita daga cikinta ya nuna abin da ta rataya a kansa. Saboda haka in Allah ya yarda ɗin marini magana ce daidai kafin a gano ƙwayoyin, kuma daidai ce bayan an gano su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi tsayin daka wajen kare imanin talakawa daga ɗaliban ilmin kalami na zamaninsa, waɗanda ke kafirta duk wanda bai iya jera hujjoji da lafazinsu ba. Marinin da bai taɓa jin kalmar arali ba yana riƙe da ma'anarta a aikace.

Abu na biyu kuwa, kuma a nan ne zuciyata ta fi damuwa, karofi ya gaskata tsoron Ibnu Rushdi game da abin da wannan aƙida kan zama a hannun malalaci. Na sha jin ana fassara rashin tasirin sababi da cewa neman sanin sababi ɓata lokaci ne, ko ma raunin tawakkali, kuma wannan fahimta Gazali kansa ya barranta daga gare ta. Shi ne ya bayyana cewa Allah yana halitta mana sani tabbatacce cewa al'ada za ta ci gaba da gudana yadda ta saba, shi ne ya yi kashedi game da wanda ke zaton yana taimakon addini ta hanyar musun lissafin husufin rana da wata, ya nuna cewa irin wannan ɓarna yake yi wa addinin, kuma shi ne a cikin Ihya'u ya lissafa noma da saƙa da ɗinki cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma ta bar su gaba ɗaya kowa ya yi laifi. In dai al'ada sunnar Allah ce a cikin halittarsa, to bincikenta karatu ne na yadda Ya so Ya gudanar da mulkinsa, kuma marinin da ya rage toka da gangan ya ce Allah ne mai rinawa bai girmama ƙudura ba, ya dai yi wa sunna rashin ladabi, ramin kuwa zai mutu a hannunsa.

Akwai wani hawa na biyu a wannan tambaya, wanda ya fi na fari santsi, shi ne: ina shuɗin yake? Mu ɗauka tufa ta rinu an ninke ta an sa a adaka an rufe. Shuɗiya ce a cikin duhun? Hasan ɗan Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manaziri a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya tabbatar da cewa gani yana aukuwa ne saboda haske yana tasowa daga abu ya shiga ido, ya kuma lura cewa launin abu yana sākewa gwargwadon hasken da ya sauka a kansa. Kamaluddini Farisi, a farkon ƙarni na 14, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi sawun haske a cikinsa har ya bayyana yadda bakan gizo ke aukuwa a ɗigon ruwan sama. Daga baya Newton na Ingila, wanda ya buga littafinsa a kan haske a 1704, ya nuna da gilashi mai kusurwa uku cewa farin haske tarin launuka ne, ya lissafa bakwai, ɗaya daga cikinsu ma da sunan baba ya kira shi. Abin da aka fahimta yanzu shi ne ƙwayar baba tana shanye sashen haske da ke wajen ja da ruwan goro, ta mayar da saura, sauran ya shiga ido ya tarar da nau'i uku na ƙananan jijiyoyin karɓar launi, su kuma su aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ke nan shuɗin da muke jingina wa tufa, launin da ta ƙi karɓa ne, kuma bai cika ba sai da haske da ido da mai ido. Duk da haka, wanda ya san tsawon kowane zangon haske da aikin kowace jijiya, in an haife shi makaho, bai san shuɗi ba, kuma babu lissafin da ya taɓa nuna dalilin da ya sa wannan motsi na jijiya yake zuwa wa rai da wannan kamanni ba wani ba. A nan ƙullin da ke tsakanin sababi da musabbabi ya fi ko'ina kama da abin da malamai suka kira al'ada, domin muna iske su tare kullum, amma ba mu ga gadar da ke tsakaninsu ba. Ba mamaki Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rum da Suratu Faɗir, ya lissafa saɓanin launuka cikin ayoyi, na mutane da dabbobi da 'ya'yan itace har da zane-zanen duwatsu, kuma a wuraren biyu ya haɗa zancen da ambaton masu ilmi.

Malaman fiƙihu, waɗanda ba su cika shiga wannan gardama ba, sun yi aiki da bambancin launi da jirmi ta hanyarsu. Sun ce lallen da ya kama hannu ba ya hana alwala, domin abin da ya saura launi ne ba jiki ba, saɓanin abin da ke da kauri wanda ke tare ruwa. Sun kuma ce ruwan da launinsa ya sāke da wani abu mai tsarki da ba ya cikin mazauninsa, kamar ruwan rini, ana iya aikin gida da shi amma ba a ibada da shi. An hana mai harami sa tufar da aka rina da za'afaran, littafin Risala kuma ya hana mai takaba sa rinanniyar tufa in ba baƙa ba. Shari'a ba ta ɗauki launi abin banza ba, ta san yana magana da zuciya.

Yanzu sai mu dubi abin da ya auku sa'ad da waɗansu suka ɗauki binciken wannan al'ada da gaske fiye da mu. A 1856 wani saurayi Baingile mai suna Perkin, yana neman haɗa maganin zazzaɓi, ya faɗa a kan rini mai launin shunayya daga kwaltar gawayin ƙasa. Bajamushe Baeyer ya ɗauki shekaru yana bin ƙwayar baba har ya haɗa ta a ɗakin gwaji, ya kuma bayyana tsarin gininta a 1883, kamfanin BASF kuwa ya ci gaba da zuba dukiya da haƙuri har ya fito da baban masana'anta kasuwa a 1897. Cikin ƙasa da shekara 20 noman baba na ƙasar Hindu, wanda Turawan mulki suka tilasta wa manoman Bengal da Bihar har ya jawo bore a 1859, ya durƙushe. Mu ma guguwar ta iso mu, galura da atamfa da shadda suka cika kasuwa, yau kuwa wanda ya je Ƙofar Mata zai iske ramuka da yawa a bushe. Ba na cikin masu cewa baban gona tsarkakakke ne na masana'anta kuwa gurɓatacce, domin ƙwayar shuɗin ɗaya ce a wurin biyu, kwaltar da aka ciro ɗayan daga cikinta ma asalinta itatuwa ne da suka daɗe a binne, kuma Bajamushen bai halicci kome ba, ya dai karanta wani shafi na al'ada da kyau ya bi shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne cewa mu da muka riƙe ramin ƙarnuka, muna kuma karanta Sanusi a zaure, ba mu haɗa karatun biyu ba. Malami bai ga cewa ramin marini wurin nazari ne ba, marini kuma ba a ba shi alƙalami ba.

Ga shi kuma al'adar Allah ba ta tsaya a kan riba kaɗai ba, tana gudana a kan ɓarna ma. Baban masana'anta, tun da shi ma ba ya narkewa, ana narkar da shi ne da sinadarai masu kaifi a madadin ƙananan halittun rami, kuma dagwalon masana'antun rini da jima da ke kwarara cikin kogin Challawa da Jakara, inda manoman lambu ke ban ruwa, abu ne da mutanen Kano suka sani da ido da hanci. Ramin gargajiya kuwa, lakarsa takan zama katsi, katsi ya koma cikin sabon rami ko ya zama laso. A ƙasashen da suka ƙera galura masana sun dawo suna binciken ƙwayoyin da ke cikin tsofaffin tukwanen rini domin neman hanyar da ba ta gurɓata ruwa, wato suna neman abin da ke kwance a gindin karofinmu.

Saboda haka abin da nake roƙo ga malaman jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato, da ɗalibansu na sashen sinadarai da na ƙananan halittu, shi ne su je su zauna gaban tsofaffin marina zaman almajiri, tun waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni suna raye, su tambaye su tokar wane itace ta fi kyau, yaya warin ramin da ya nuna yake bambanta da na wanda ya kusa mutuwa, me ake yi wa rami a lokacin hunturu, me ya raba shuɗin baba da na talaki, su auna kaifin ruwan da zafinsa a kowane mataki, su rubuta duka da Hausa yadda ɗan marini zai iya karantawa. Haka kuma za a yi wa karan dafi da majema ke samun ja da shi, da saiwar rawaya, da gangamau, da bagaruwa, waɗanda kowannensu yana da nasa sharuɗɗa da har yanzu yawancinsu suna cikin ƙirjin masu sana'a kaɗai.